Daga Rawar Matattu Zuwa Gawar Talaka: Fashin Baƙi Kan Mutuwa a Zanen Ɗab'i na Faransa

A tsakiyar birnin Faris, daf da babbar kasuwar abinci ta Les Halles, an yi wata maƙabarta mai suna Innocents wadda ta shafe ɗaruruwan shekaru tana karɓar mamatan birnin. Wanda ya saba da irin maƙabartunmu zai sha mamakin tsarinta. Talakawa a rami guda ake jera su, gawa kan gawa, in ya cika a rufe a haƙa wani. Idan ƙasa ta gama cin nama sai a tono ƙasusuwan a jibge su a saman wasu rumfunan dutse da suka kewaye filin, don a samar wa masu zuwa wuri. A ƙarƙashin rumfunan nan kuwa harka ake yi kamar ba komai: masu rubuta wa mutane wasiƙa suna zaune, 'yan tireda sun baza kaya, masu wa'azi suna tara jama'a. Mutum na cinikin zare, ƙoƙunan kawunan kakanninsa na bisa kansa.

A jikin bangon ɗaya daga cikin rumfunan aka yi, tsakanin 1424 da 1425, wani dogon zane da Faransawa ke kira Danse macabre, wato rawar matattu. Zamanin ne ya haife shi. Annobar da ta shigo ta tashar jiragen ruwa ta Marseille a ƙarshen 1347 ta lashe aƙalla kashi ɗaya cikin uku na mutanen Turai cikin 'yan shekaru, kuma ba ta tafi gaba ɗaya ba, ta riƙa yin kome lokaci bayan lokaci. Ga yaƙi da Ingila wanda aka fara tun 1337, bai ƙare ba sai 1453. A shekarun da ake wannan zane ma birnin Faris na hannun Turawan Ingila. A 1669 aka rushe bangon don a faɗaɗa titi. Da shi ke nan zanen ya bi ruwa, ba don wani mai maɗaba'a da ake kira Guyot Marchant ba, wanda a 1485 ya sa aka sassaƙa hotunan a katako, ya buga su a littafi tare da baitocin da ke rubuce a ƙarƙashinsu. Kwafi ɗaya tak na wannan bugu na farko ya rage, yana ɗakin karatu na birnin Grenoble. Daga wannan littafi nake so mu bi sawun wata tambaya: cikin kusan shekara 500, yaya masu zanen ɗab'i na Faransa suka riƙa nuna mutuwa, kuma me ya sa fuskarta ta yi ta sauyawa a hannunsu?

Kafin mu yi nisa, bari mu fayyace abin da ake nufi da zanen ɗab'i, domin rabin maganar a nan take. Ɗauki hatimin alƙali ko na hakimi: sau ɗaya ake sassaƙa shi, amma a buga shi sau dubu. To haka wannan sana'a take. Hanya mafi daɗewa ita ce a zana hoto a kan allon katako, a sassaƙe duk inda ake so ya fito fari, a shafa tawada a kan abin da ya rage, a danna takarda a kai. Daga baya aka koma farantin jan ƙarfe: a shafe shi da wani irin danƙo, a karce zanen da allura, a tsoma farantin a ruwan asid ya cinye inda allurar ta bi, sai tawada ta kwanta a cikin ramukan. A ƙarshen ƙarni na 18 wani Bajamushe mai suna Alois Senefelder ya gano hanya ta uku, inda ake zane da alli mai maiƙo a kan dutse mai santsin fuska, a jiƙa dutsen da ruwa. Da yake ruwa da mai ba sa ga maciji, tawada sai ta kama inda allin ya bi kaɗai. Zanen fenti ƙwaya ɗaya ne, yana rataye a fada ko a coci ko a gidan attajiri, sai wanda aka ba izini ke ganinsa. Zanen ɗab'i takarda ce mai araha da ke shiga aljihu, ta kwana a gidan mai ɗinki, ta bi ɗan koli ƙauye. Kuma mafi yawansa baƙi ne da fari, launin duhun rami da launin ƙashi. Ba mamaki mutuwa ta sami wurin zama a cikinsa fiye da ko'ina.

A littafin Marchant mutum 30 ne a jere, ana kawo malamin coci, sai mai mulki ko mai sana'a, bi da bi. Fafaroma ne a gaba, sai sarkin sarakuna, sai kadinal, sai sarki, a yi ta gangarowa har kan ɗan kasuwa, mai ba da bashi da ruwa, likita da kwalbar fitsarin majiyyaci a hannu, lauya, makaɗi, manomi, jariri. Kowanne akwai mataccen da ya kama masa hannu ko gefen riga. Matattun ne ke taka rawa, ƙafa a ɗage, baki a yage kamar masu dariya, wani da shebur a kafaɗa, wani da lauje, wani da mashi. Rayayyun kuwa sun sandare, kowa na noƙewa. Kuma matattun ba wankakkun ƙwarangwal ba ne irin na ɗakin koyon likitanci. Gawarwaki ne da suka fara ruɓewa, busasshiyar fata a manne da ƙashi, ciki a farke, irin abin da masu haƙar kabari a Innocents ke gani kullum.

A ƙarƙashin kowane hoto mataccen yana magana, rayayyen yana ba da amsa. Amsoshi biyu ne suka fi tsaya mini a rai. Manomi ya ce ya sha yi wa kansa fatan mutuwa saboda wahala, amma yanzu da ta zo da zai samu hanya da ya gudu, ya gwammace a bar shi a gonar inabi yana haƙa, ko ana ruwa ko ana iska. Jariri kuma ya fara da gwalan-gwalan, a, a, a, sannan ya ce bai iya magana ba, jiya aka haife shi, yau ga shi zai tafi. Wanda ya rubuta waɗannan baitoci ya san mutane.

Akwai wani ɗan bambanci a harshen Faransanci da ya kamata a lura da shi. La mort ita ce mutuwa, le mort kuwa shi ne mamaci. Wanda ke magana a littafin Marchant le mort ne. Ke nan wanda ya zo ɗaukar sarki ɗan Adam ne irinsa, kai ka ce sarkin ne da kansa, a kamannin da zai koma bayan 'yan watanni a ƙasa. Shi ya sa da Marchant ya sake buga littafin a 1486, ya ƙara mutane da matattu huɗu masu kaɗe-kaɗe, ya kira shi madubi mai amfani ga kowa. A shekarar ce kuma ya fitar da rawar matattu ta mata, daga sarauniya har zuwa matar talaka. Littafin ya karɓu ƙwarai. Har cikin ƙarni na 18 maɗaba'u a garin Troyes suna buga shi a takarda mai araha da shuɗin bango, 'yan koli na yawo da shi ƙauye-ƙauye.

Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane saƙon. Mutuwa rigar kowa, in ji mu, kuma waƙoƙin wa'azinmu cike suke da zancen kabari da tsutsa da sarakunan da suka shuɗe. Ga talakan Faris na wancan zamani, wannan bango ne kaɗai wurin da zai ga kansa a layi ɗaya da Fafaroma. Akwai sanyin zuciya a ciki, ban musa ba. Amma akwai abin da rawar matattu ba ta taɓa tambaya: me ya kashe manomin? Yunwa ce, ko haraji, ko sojan da ya ƙona masa rumbu? A wannan zane ba mai laifi. Kowa ajalinsa ne ya kira shi, kuma ko a layin mutuwar ma manya ne a gaba. Abin da nake gani a tarihin zanen ɗab'i na Faransa shi ne yadda, sannu a hankali, masu zane suka soma raba ajali da kisa, suka soma neman hannun da ya aikata.

Matakin farko daga baƙo ya zo. Hans Holbein Bajamushe ne mazaunin Basel, kuma a can ya tsara hotunansa na mutuwa wajen 1525, wani gwanin masassaƙi mai suna Hans Lützelburger ya yanka su a katako. Amma a Faransa aka fara buga su a littafi, a birnin Liyon, a 1538, a maɗaba'ar 'yan'uwan nan biyu da ake kira Trechsel, da baitocin Faransanci a ƙarƙashi. Hotuna 41 ne, kowanne tsayinsa bai wuce santimita shida da rabi ba, ka ɗora shi a tafin hannu. Holbein ya fasa layin rawar, ya aika mutuwa ta sami kowa a bakin aikinsa. Ta sami alƙali yana miƙa hannu zai karɓi toshiya daga mai kuɗi, talaka na tsaye gefe kai a sunkuye, sai ta kama sandar hukuncinsa. Ta sami sarki a kan teburin abinci, ita ce ke zuba masa abin sha. Ta shiga bukkar talaka ta ja yaro ta hannu, uwa na gaban murhu tana girki, yaron na waiwaye yana miƙo mata hannu. Ga manomi tsoho kuwa, ita ce ke kora masa dawakan huɗa, suna fuskantar inda rana ke haskawa. A nan mutuwa ta fara zama mai shaida a kan halin mutum. A yawancin hotunan akwai agogon rairayi ajiye a wani lungu, kwalba biyu baki da baki, yashi na zirarewa daga ta sama zuwa ta ƙasa. Shi da lauje da ƙoƙon kai da kyandir mai ƙarewa da fure mai yaushi su ne suka zama haruffan wannan harshe, wanda ko bai iya karatu ba ya san ma'anarsu: lokaci na tafiya, girbi na zuwa, kyau ba ya daɗewa.

Babban sauyin ya zo da Jacques Callot, wanda aka haifa a Nancy a 1592, lokacin yankin Lorraine na cin gashin kansa. Ya rayu a zamanin yaƙin shekara talatin da ya ɗaiɗaita tsakiyar Turai daga 1618 zuwa 1648, kuma a 1633 sojojin Sarki Louis na 13 suka mamaye garinsu. A wannan shekarar aka buga a Faris jerin zanensa guda 18 a kan jan ƙarfe, game da masifun yaƙi. Jerin yana bin rayuwar soja ne daga ɗaukar aiki zuwa fagen fama, zuwa wawushe gidan gona da ƙona ƙauye da tare matafiya, sannan kama masu laifin da hukunta su, har zuwa inda tsofaffin sojoji ke mutuwa suna bara a bakin hanya, manoma kuma na ɗaukar fansa da sanduna da kayan noma.

Na 11 a jerin shi ne wanda duniya ta fi sani. Faɗinsa bai kai taƙi guda ba, amma sai ka kawo fuska kusa ka daɗe kana dubawa. Wata ƙatuwar bishiya ce a tsakiyar sansanin soja, rassanta a baje, da mutum 21 a rataye suna reto cikin 'yan riguna. An jingina tsani, ana hawa da na gaba, limamin coci na biye da shi da gicciye a hannu. A gindin bishiyar wasu na caca a kan ganga. Huluna da tufafin waɗanda aka rataye suna zube a ƙasa. Runduna ta yi da'ira da masu a tsaye, tana kallo. Baitin da ke ƙasa ya kamanta ratayayyun da mugayen 'ya'yan itace. Ka duba ko'ina a hoton, ba za ka ga ƙwarangwal ba, ba lauje, ba agogon rairayi. Ba a buƙatar su. Mutane ne suka yi aikin daga farko har ƙarshe: su suka ɗauki sojan, su suka bar shi da yunwa har ya koma ɗan fashi, su suka ɗaure igiyar. Bishiyar da ya kamata ta ba da inuwa ita ce ta zama alamar mutuwa. Callot bai nuna wace ƙasa ce ke da sojojin ba, kuma a ganina wannan shi ya sa hoton bai tsufa ba.

Tsohon salon bai ɓace ba, sun ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa. Wajen 1648 wani ɗan Italiya mazaunin Faris, Stefano della Bella, ya zana mutuwa tana gudu da yaro a kafaɗa, yaron na tsala ihu, a bayansu kuwa rumfunan maƙabartar Innocents ne. Maƙabartar ita kanta an rufe ta a 1780 saboda cunkoso da ɗoyi, daga 1786 aka fara kwashe ƙasusuwan zuwa tsofaffin ramukan haƙar dutse da ke ƙarƙashin birnin. Shekara bakwai bayan haka, ranar 21 ga Janairun 1793, masu juyin juya hali suka sare kan Sarki Louis na 16, kuma nan da nan aka buga takarda mai hoton hannu riƙe da kan yana ɗigar jini, a matsayin gargaɗi ga sauran masu sarauta. Sarkin da a bangon 1424 mamaci ke ja, yanzu talakawansa ne suka ja shi.

Yanzu mun iso kan zanen da nake ganin ya fi kowanne nauyi. A watan Afrilun 1834 masaƙan siliki na Liyon suka yi bore, wutar ta haura zuwa Faris, aka datse tituna a wasu unguwanni. Aka ce an harbi wani hafsan soja daga tagar wani bene, gida mai lamba 12 a titin Transnonain. Daren 13 wayewar 14 ga wata sojoji suka fasa gidan, suka bi ɗaki-ɗaki, suka kashe mutum 12 daga cikin mazaunansa. Honoré Daumier yana da shekara 26 a lokacin. An san shi da zanen zambo a jaridu, har ya yi wata shida a kurkuku tun daga 1832 saboda ya zana Sarki Louis-Philippe a matsayin wani ƙaton mai haɗiye dukiyar talakawa. Kowa zai zaci zambo zai sake yi. Sai ya ɗauki allinsa ya zana wannan a kan dutse.

Ɗakin kwana ne na mai ƙaramin ƙarfi, haske na faɗowa a tsakiyarsa. Wani magidanci na kwance rigingine a ƙasa, kansa jingine da gefen gado, da rigar barci da hular barci, ƙafafunsa tsirara a baje. Rigar ta tattare, da jini a jikinta. Zanin gadon ya zamo ƙasa, kujera ta kife. Sai ido ya ɗan saba da hoton kafin ka lura da abin da ke ƙarƙashin mutumin: ƙaramin yaro ne, a kife, nauyin babban ya danne shi, jini ya fito daga kansa. A dama, kan wani dattijo ne a ƙasa. A hagu, cikin duhu, gawar mace. Tsoho da magidanci da yaro, zuriya uku a ɗaki ɗaya. Babu soja a hoton, babu bindiga, babu mai kuka. An gama, an fita, an bar ƙofa, kai ne na farko da ya leƙo. A ƙasa Daumier bai rubuta komai ba sai sunan titin da kwanan wata, 15 ga Afrilun 1834.

Na sha komawa kan wannan hoto, kuma abin da ke kama ni kullum shi ne rigar barcin. A rawar matattu kowa da kayan muƙaminsa yake tafiya, Fafaroma da hularsa, sarki da kambinsa, domin darasin shi ne muƙami ba ya ceto. Wannan mutumin ba shi da muƙamin da za a tuɓe masa. Rigar barcinsa hujja ce: wanda aka samu a haka ba daga bakin daga ya fito ba, daga kan gadonsa aka finciko shi. Daumier ya mayar da alamar mutuwa ta zama shaida irin wadda ake kai wa gaban alƙali. Da aka liƙa zanen a tagar shagon Aubert mai sayar da hotuna, jama'a suka yi cincirindo suna kallo. Hukuma ta ƙwace dutsen, ta bi kwafin da ta iya samu. A watan Satumbar 1835 aka kafa dokar da ta hana buga kowane zane sai da izinin gwamnati. Ba a taɓa jin wani sarki ya hana rawar matattu ba, domin ba ta tuhumar kowa. Wannan kuwa ta tuhuma, ba tare da ta furta kalma ɗaya ba.

Daumier bai yi watsi da tsohon ƙwarangwal ba, ya ajiye shi ne sai ranar da gawarwaki suka fi ƙarfin ƙirga. Bayan Jamusawa sun murƙushe Faransa a yaƙin 1870, ya zana shekarar 1871 a siffar mace cikin baƙaƙen kaya, ta rufe fuska, gabanta fili ne cike da gawa, abin da ta gada ke nan. A watan Maris na shekarar ya zana zaman lafiya a matsayin ƙwarangwal mai malafa, zaune cikin kufai yana busa sarewa. Wata biyu bayan haka sojojin Faransa suka juya kan mutanen Faris da suka kafa gwamnatin kansu, aka kashe dubbai cikin mako guda, kuma Édouard Manet ya bar mana zanen dutse na wani mutum kwance matacce a gindin shingen duwatsun titi.

A tsakiyar ƙarnin akwai wata hanya dabam da mutuwa ta bi, ta zama abin kallo a birni. Charles Meryon tsohon hafsan sojan ruwa ne wanda idonsa ba ya bambance wasu launuka, abin da ya tura shi ga baƙi da fari. A 1854 ya zana mutuwaren Faris da ke bakin kogin Seine, inda ake baje gawarwakin da ba a san masu su ba don 'yan'uwa su zo su gane, amma 'yan kallo suka fi yawa. Sai a 1907 aka hana jama'a shiga. A zanen, dogayen gidaje sun cunkushe har sun kusa toshe sama, hayaƙi na tashi, shanya na reto, mata na wanki a jirgin ruwa. A can ƙasa mutum biyu sun tsamo gawa daga kogi, mace na kuka, ɗan sanda na nuna hanya, mutane sun jeru bisa katanga suna leƙe. Gawar ƙarama ce ƙwarai a cikin hoton, birnin ya fi ta girma, kuma ba wanda ya dakatar da aikinsa. Meryon ya rasu a asibitin masu taɓin hankali na Charenton a 1868.

A 1854 ɗin dai Rodolphe Bresdin ya buga wani zanen dutse na fadama cike da ƙasusuwa, inda rassan itatuwa ke rikiɗa su zama fuskoki da ƙoƙunan kai. Almajirinsa Odilon Redon ya ɗauki abin ya shigar da shi can cikin zuciya. Redon ya yi aikin soja a yaƙin 1870, kuma ɗansa na fari ya rasu yana da wata shida a 1886. Ya shafe shekaru yana aiki da gawayi da baƙar tawada kaɗai, ya rubuta cewa dole a girmama baƙi. A wani zane na 1889, cikin jerin da ya yi a kan littafin Gustave Flaubert game da jarrabawar waliyyi Antoine, mutuwa ta fito daga duhu da ƙoƙon kai mai kambin furanni, jiki irin na mace, ƙasa kuma ya murɗe kamar wutsiyar maciji. Wannan ba ta zo yi wa sarki wa'azi ba, ba ta kuma tuhumar gwamnati. Mutuwar da mutum ke gani ce idan ya farka tsakar dare shi kaɗai, mai ban tsoro kuma mai jan hankali a lokaci guda. Wasu na ganin wannan gudu ne daga matsalolin jama'a. Ni ban ga haka ba. Wanda ya taɓa binne ɗansa ya san akwai ɓangaren mutuwa da ba shi da wanda za a kai ƙara, kuma shi ma yana da haƙƙin a zana shi.

Wanda ya haɗa zaren duka shi ne Georges Rouault. An haife shi ranar 27 ga Mayun 1871 a ɗakin ƙarƙashin ƙasa a unguwar Belleville ta Faris, ana tsaka da luguden wuta a makon nan na kashe-kashe. Ya fara koyon sana'a wajen masu haɗa gilasan tagogin coci, shi ya sa zanensa ke da kaurin baƙin layi kamar dalmar da ke riƙe gilas. Mahaifinsa ya rasu a 1912, sannan yaƙin duniya na farko ya zo ya ci sojojin Faransa kusan miliyan 1.4, har da waɗanda aka kwaso daga ƙasashen Afirka ta Yamma da take mulka. Daga waɗannan rashe-rashe biyu, na gida da na ƙasa, ya tsara jerin da ya kira Miserere, kalmar farko ta Zabura ta 51 a Latin, inda mai addu'a ke roƙon Allah Ya yi masa jinƙai. Dillalin zane Ambroise Vollard ya ɗauki nauyin aikin. Daga 1922 zuwa 1927 Rouault ya yi ta fama da faranti 58 na jan ƙarfe, yana kankarewa yana sakewa, wani farantin har sau 12 ko 15, har baƙin ya yi zurfin da ake ji kamar za a iya taɓa shi.

A cikin jerin akwai alƙalai da attajirai masu ƙoshi, akwai talakawa da uwaye, akwai Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke siffanta shi, domin Rouault mai riƙo da addininsa ne. Ƙwarangwal ɗin ƙarni na 15 ma ya dawo, amma yanzu da hular soja a kansa. A wani faranti matattu ne ke miƙewa daga ƙasa, take kuwa kirarin da aka yi a ramukan yaƙi a 1915, cewa matattu su tashi tsaye. A wani kuma saurayi ne ke sallama da mahaifinsa zai tafi fagen fama, ƙwarangwal na tsaye a gefensu yana jira, kuma a ƙasa an rubuta abin da yaron ke cewa: wannan ne na ƙarshe, Baba.

An gama buga farantan a 1927, amma Vollard ya ajiye su bai fitar ba. Ya rasu a haɗarin mota a 1939, Rouault ya shiga shari'a da magadansa, ya yi nasara a 1947. Sai a 1948 jerin ya fito, shekara uku bayan an gama yaƙin duniya na biyu, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka fara buɗe shafin saurayin da mahaifinsa sun riga sun raka nasu 'ya'yan tasha a 1939.